Murfin da Baba Ya Ɗaga

Takardu biyu ne a gaban Auta ran Litinin da safe, kowacce tana ƙaryata 'yar'uwarta. Magani ɗaya ne, daga kwalba ɗaya aka ɗiba. Takardar hagu ta ce lafiya lau, a kai wa yara su sha. Ta dama ta ce akwai zaiba a ciki, har ninki shida na abin da aka yarda ya shiga jikin mutum. To, wacce za ka bi?

Maganin ƙarin jini ne na yara, ja, mai zaƙi, irin wanda yaro kan lashe cokali ya ce a ƙaro. Kwali dubu uku na jibge a ma'ajiyar kamfanin da ya haɗa shi, ba abin da suke jira sai sa hannun ɗakin gwajin da Auta ke aiki. Ran Alhamis motoci za su kwashe su, su raba wa asibitoci da kantunan magani. Aikin ɗakin ke nan. Duk maganin da za a sayar sai an kawo musu samfuri sun duba ko akwai ƙarafa masu guba a ciki, dalma da zaiba da danginsu.

Takardar hagu ta tsohuwar hanya ce. A zuba magani a kofin gilashi, a kwarara masa asid mai ƙarfi, a ɗora kan murhun lantarki ya yi ta tafasa har ya kusa ƙafewa, sannan a ba na'ura abin da ya rage ta karanta. Hayaƙin da ke tashi ruwan ƙasa-ƙasa ne, in ya daki hancinka sai ka ji shi har ƙeya. Akwai akwatin zuƙe hayaƙi, amma fankarsa ta fi yin hutu a kan aiki. Ragowar asid kuwa a kwata ake juye shi, bayan ginin. Ko ciyawa ta daina fitowa a bakin kwatar nan, kuma can gangare inda ruwan ke tarar rafi mata suke wanki.

Takardar dama ta Auta ce. Ita da asid ɗan kaɗan take aiki, wanda aka tsinka da ruwa, bai fi cikin cokali ba. Ta zuba a 'yar kwalba, ta ɗaure murfi tamau, ta tsoma a kwanon ruwan ɗumi mai girgiza. Ba hayaƙi, ba tari, abin da za a zubar a mako bai cika gwangwanin madara ba. Shekara biyu tana naci kafin a yarda a gwada hanyar tata na wata shida, da sharaɗi ɗaya: sakamakonta ya riƙa dacewa da na tsohuwar hanya. Wata biyar suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sai yau.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Tsohuwar hanyar ta mahaifinta ce. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a ɗakin nan kafin ya yi ritaya, kuma duk wanda ka ga ya riƙe kofin gilashi a wurin, shi ya koya masa riƙon. Har yau hotonsa na rataye a bango, da farar rigar aiki, yana hararar duk wanda ya shigo da takalmi mai datti.

Ta kwashi takardun ta nufi ofishin Shugaba. Shi ma yaron Baba ne, a hannunsa ya koyi wanke kwalba. Ya duba ta hagu, ya duba ta dama, ya cire tabarau ya murza ido.

"Sake gwadawa."

"Sau uku na yi, ranka ya daɗe. Sau ukun duk abu ɗaya."

"Shi ma Dogo sau uku ya yi nasa." Dogo shi ne mai gwaji da tsohuwar hanya. "Auta, ki ji ni da kyau. Hanyar nan ta girme ki. Kina goye ake aiki da ita. Yanzu ke da 'yar kwalbarki da ruwan ɗuminki za ki ce in tare kwali dubu uku?"

"Yara ne za su sha."

"Ni ma ina da yara, kar ki yi min wa'azi." Ya tura mata takardun. "Daga nan zuwa safiyar Alhamis ki nuna min inda tsohuwar hanya ta yi kuskure, in gani da idona. In ba haka ba, a kan tata zan sa hannu, taki kuma a naɗe a ajiye. Ki gaishe min da Baba."

Ta fito zuciyarta na tafasa. Ba maganar naɗe hanyarta ba ce ta fi cin ta, ko da yake ita ma tana ci. Wani abu ne daban, wanda tun da ta ga sunan maganin yake sukar ta a ƙirji. Akwai irin kwalbar nan a gidanta, a kan kanta, kusa da gwangwanin sukari.

Da la'asar ta tarar da Baba a tsakar gida kan kujerarsa ta roba, da kofin shayi a hannu. Rabin kofi kawai ake zuba masa yanzu, saboda hannuwansa na rawa. Shekara bakwai ke nan da rawar ta fara, kowa ya ce tsufa ne, shi ma ya ce tsufa ne. Ɗiyar Auta, mai shekara huɗu, na zaune a ƙafarsa tana ɗaure masa igiyar takalmi da ta ɗaya ƙafar.

"Zo ki raba ni da amaryar nan tawa," in ji Baba. "So take in tashi in faɗi ta ci gado."

"Ba ka da komai ai sai rediyo," in ji yarinyar.

Baba ya yi dariya har shayin ya zuba a rigarsa. Auta ta yi yaƙe, ta wuce ɗakin girki. Kwalbar na nan, an sha ta wuce rabi. Baba ne ke sayo ta da kansa, shi ne kuma ke ba yarinyar kowace safiya, yana riƙe cokali da hannu biyu. Yakan ce duk abin da ya bi ta ɗakin gwajinsu, ido rufe zai ba jikarsa. Ta ɗauke kwalbar ta tura can saman kabad, bayan tukwane.

"Me kike ɓoyewa?"

Yana tsaye a bakin ƙofa. Tsohon nan, kunnensa ya fi na kowa a gidan.

"Baba, a ɗan dakata da ba ta maganin nan. Kwana biyu kawai."

"Dalili?"

Ta faɗa masa, a taƙaice, tana kallon tukwane. Ya tambayi abin da tsohuwar hanya ta ce. Ta ce masa takardar tsohuwar hanya ta ce lafiya.

"To." Ya gyaɗa kai. "Wato ruwan ɗuminki ya fi wutar da na yi shekara talatin ina hurawa. Madalla. Ƙwai ya fi kaza wayo."

Ya koma kujerarsa ya kunna rediyo, kuma ranar ko abincin da ta kai masa bai taɓa ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ita ce autarsa, ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa ta bi sawunsa, kuma da bakinsa yake gaya wa mutane barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ran Talata da safe ba ta taɓa kwalabenta ba. Kujera ta ja ta zauna a bayan Dogo, ta ce ya sake gwajin tun daga farko tana kallo. Dogo ya ce to, yau kuma jarrabawa za a yi masa da furfurarsa? Amma mutum ne mai sauƙin kai, ya ɗauko kofi. Ya auna magani daidai. Ya auna asid daidai. Ya ɗora a murhu, ya kifa ɗan faifan gilashin da ake rufe kofin da shi. Wallahi ba inda za ka kushe masa, hannunsa tsaf. Da abin ya fara tafasa, sai ya sa ɗan yatsa ya ture faifan gefe, ya ajiye shi a kan tebur.

"A buɗe shi ya sha iska," ya faɗa, kamar mai waƙa, ko juyowa bai yi ba.

Auta ta san maganar nan tun tana 'yar firamare. Baba kan faɗe ta har a gida, in an sauke tukunya. Ita kanta ta ɗaga faifan nan ya fi sau dubu, tana faɗin haka. Amma yau sai ta tambayi kanta dalili. Ta tashi ta ciro littafin ƙa'idar aiki daga kabad, wanda bangonsa ya yi baƙi don ba mai buɗe shi, kowa ya haddace aikin a hannun Baba. Ta bi layi-layi da yatsa. A rufe kofi. A bar shi a rufe har a sauke. Babu inda aka ce a buɗe.

"Dogo, me ya sa muke ɗaga murfin?"

"Don ya yi saurin ƙafewa mana. In ka bar shi a rufe sai ka wuni a kan kofi huɗu. Haka Baba ya koya mana."

Dalma nauyi gare ta, ko ka tafasa ta tana nan a gindin kofi. Zaiba kuwa ba ta son zafi. Da ta ji wuta sai ta bi tururi ta yi sama. In da murfi, tururin ya taru a jikin gilashi ya ɗigo ya koma. In babu, ta tafi ke nan. Kowane ɗalibi ya san wannan. Ita ma ta sani, ta rubuta a jarrabawa ta ci. Amma sabo ya rufe mata ido, kamar yadda mutum ba ya jin warin ɗakinsa.

Ba ta yarda da zato ba. Ta ɗauko maganin da ta tabbatar mai tsabta ne, ta ɗiga masa zaiba da hannunta, gwargwadon da ta auna ta rubuta. Ta raba uku. Ɗaya ta ba Dogo ya dafa a rufe, ɗaya ya dafa yadda ya saba, na ukun ta sa a 'yar kwalbarta. Ran Laraba da hantsi na'ura ta ba da amsa. Cikin kashi ɗari da ta zuba, kwalbarta ta dawo da casa'in da bakwai. Rufaffen kofi ya dawo da tamanin da wani abu. Buɗaɗɗen kofi, goma sha ɗaya.

Dogo ya zauna daɓas a kan kujera. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Innalillahi. Shekara nawa muna..." Bai ƙarasa ba. Can ya ce, "Auta, don girman Allah ki yi tunani. In kika kai wannan, ba maganin nan kaɗai za a tare ba. Duk takardar da aka sa wa hannu sai an tono ta. Kuma tambayar farko da za a yi, wa ya koya muku? Ki ce ni ne. Ki ce ni na yi ganganci jiya da shekaranjiya. Tsohon nan ba shi da abin da ya rage masa sai sunansa."

Har ga Allah ta so ta karɓa. Ta tsaya da takardar a hannu tana jin daɗin tayin kamar ruwan sanyi. Amma in laifin Dogo ne na kwana biyu, to kwalaben da suka riga suka fita fa? Wadda ke saman kabad ɗinta ba daga wannan kashin take ba, daga na watannin baya ne, kuma buɗaɗɗen kofi ne ya wanke ta. Irinta nawa ne a kan kantocin mutane, kusa da sukari? Ta ce wa Dogo ta gode, ta ninke takardar ta sa a jaka. Ba ofishin Shugaba ta nufa ba. Gida ta tafi da rana tsaka.

Baba na kan kujerarsa, yarinyar tana makaranta. Tun Litinin gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta durƙusa a gabansa ta miƙa masa takardar. Ya nemi tabarau. Takardar na kaɗawa a hannunsa har sai da ya dafe ta a gwiwa. Ba ya bukatar bayani, shi da ya koya wa mutane karatun irinta. Ya karanta layi uku ɗin, ya koma ya sake.

"Buɗaɗɗe," ya ce.

"Eh, Baba."

Ya cire tabarau. Ta ɗauka faɗa zai yi, har ta shirya. Sai ta ji muryarsa ta yi ƙasa.

"Shekarar da na fara ɗaga shi, ba a haife ki ba. Wuta awa uku ake ba mu a yini. Samfuri ya taru har ƙasa, asibiti na aiko mutum kullum, marasa lafiya na jira. Na ce bari in ga ko zai yi sauri. Ban yi da ka ba, Auta, sai da na gwada. Sau ashirin na gwada da dalma, a rufe da a buɗe, ban ga bambanci ba. Lokacin dalma kaɗai ake nema." Ya ajiye tabaraun a cinya. "Da aka ƙaro zaiba cikin abin da za a riƙa dubawa, ni na karɓi takardar. Ni na sa ta a fayil. Ban koma na sake gwadawa ba. Hannu ya riga ya saba."

"Kowa bai koma ba, Baba. Har ni."

"Ke a wurin wa kika gani?"

Ya ɗaga kai yana kallon igiyar shanya.

"Zaibar da ta gudu daga kofin, ina take zuwa?"

Ya san amsar. So yake ya ji daga bakin wani.

"Iska. In fanka na aiki, waje. In ba ta aiki..."

"Nakan sunkuya a kai in duba ko ya ƙafe," in ji shi. Ya juya hannuwansa biyu a kan gwiwa yana kallon su suna rawa, kamar yau ya fara ganin su. Su biyun sun san shaƙar tururin zaiba na kawo rawar hannu. Auta ta ce ba a sani ba tukuna, sai likita ya auna, yana iya zama tsufan ne. Ya ɗaga mata hannu, alamar ta bar wannan. Ba ta kansa yake ba.

"Kwalba nawa yarinyar ta sha?"

"Biyu. Da wannan rabin."

"Da hannuna."

Ya miƙe da ƙyar ya shiga ɗakin girki. Ta ji ƙarar tukwane suna faɗowa. Ya fito da kwalbar, ya nufi bakin kwata yana kokawa da murfin, hawaye na bin gemunsa. Tunda take ba ta taɓa ganin kukan mahaifinta ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarta. Ta yi wuf ta riƙe masa hannu.

"Kar ka zuba a nan, Baba. Rafi za ta tafi. Kuma ina bukatar ta, ita ce shaidar cewa na baya ma a janye su."

Ya tsaya. Ya dubi kwatar, ya dubi kwalbar, ya sakar mata.

"Kin ga," ya ce, "har yanzu kwata hannuna ya sani."

Safiyar Alhamis ta fito ta same shi a shirye, da tsohuwar farar rigarsa ta aiki wadda ta yi masa yawa yanzu. Ta ce ba sai ya je ba, ita za ta iya. Ya ce wanda ya ɗaga murfi shi zai mayar.

Da suka shiga, ɗakin gwaji ya yi tsit. Shugaba ya taso da sauri yana gyara wuyan riga, yana Baba da kanka, ai da aikowa ka yi. Takardar sallamar maganin na kan teburinsa, da biro a kai. Baba bai zauna ba. Ya sa aka kira kowa, har mai shara, ya tsaya a ƙarƙashin hoton nan nasa.

"Duk wanda na ce wa a buɗe shi ya sha iska, na koya masa kuskure. Littafi bai ce haka ba, ni na ce. Yarinyar nan ta nuna, ga shi a rubuce. A tare maganin nan, a aika a janyo na baya. In an tambaya wa ya koya muku, ku faɗi sunana, kar wanda ya rufa min asiri."

Shugaba ya karanta layi ukun a tsaye. Gumi ya keto masa, don shi ma da yatsansa ya ture faifan nan shekara da shekaru. Ya ɗauki waya ya kira ma'ajiyar kamfani, ya ce ko kwali ɗaya kar ya fita. Aka ce mota biyu sun riga sun yi lodi. Ya ce a sauke.

Baba ya ce a rubuta abin da ya faɗa zai sa hannu. Aka rubuta. Sa hannunsa sananne ne a ɗakin, mai doguwar jela, yana kan dubban takardu a kabad. Ya kama biro, biro ya ƙi tsayawa. Shugaba ya ce a kawo tawada ya dangwala yatsa, ba komai. Baba ya harare shi irin hararar hoton. Ya dafe hannun dama da na hagu, ya yi ta ja a hankali, kowa na tsaye ba mai motsi. Abin da ya fito bai yi kama da na kabad ba ko kaɗan, amma ya kai shi har jelar.

Daga nan makarantar yarinyar suka wuce, suka ɗauke ta zuwa asibiti a ɗebi jininta. Likita ta ce sakamako sai bayan kwana biyar, ta ce shi ma tsohon a ɗebi nasa. Kwana biyar! Auta ta ji kamar an ce mata shekara. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma ba wanda za ta gaya wa, don wanda ta saba gaya wa yana zaune kusa da ita ya fi ta jin sa.

Suna kan benci suna jiran a kira Baba, yarinyar ta gama kukan allura, tana wasa da audugar da aka manna mata. Sai ta hau cinyarsa ta kama gemunsa.

"Kaka, kwana uku ba ka ba ni jan maganina ba. Ka daina so na ne?"

Baba ya buɗe baki zai yi irin zolayar da ya saba, ba abin da ya fito. Ya rungume ta, ya tura hannuwansa bayan rigarta inda ba za ta ga rawarsu ba. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira shi sau biyu, bai ji ba, sai da Auta ta taɓa masa kafaɗa.